Sista Magdalena, Wadda Take Duba Mabiyiya Kafin a Binne

Idan Sista Magdalena ta shiga gida aka shimfiɗa mata tabarma ta zauna, ta karɓi ruwa ta sha, ta hau tsokanar yara, to lafiya ce ta kawo ta. Amma idan ta tsaya a tsaye da akwatinta a hannu, tana amsa gaisuwa idonta na kan fuskar mai ciki, matan Keffi sun san wani abu yana tafe, kuma ba alheri ba ne. Daga Angwan Iya har Gangaren Tudu babu tsohuwar da ba ta san wannan tsayuwa ba. An ji tsoronta saboda ita, an kuma zage ta. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, shi ya sa ya kamata a faɗi abin da ta yi mana tun tana da ranta.

Magdalena Zakka 'yar wani ƙauye ce a bayan Garaku. Ta zo garin nan shekarar da aka samu mulkin kai, aka damƙa mata ƙaramin ɗakin haihuwa na En'e, wato hukumar gargajiya, ciki biyu da baranda. Tun daga lokacin, kafin rana ta yi zafi ta riga ta share barandar da kanta, ta dafa alluranta, ta jera ƙananan kwalabe a kan tebur. Mata su zo awo su cika benci. Kowace sai ta ɗaura mata abin awon jini a damtse, ta sa abin sauraro a kunne, ta ce a yi mata shiru. Ko kaza ce ta yi kuka sai ta sha harara. Sannan ta danna ƙaurin mace da yatsa, ta tsaya ta ga ko ramin zai cike.

Daga nan sai abin da ya jawo mata surutu. Takan ba mace kwalba ta ce ta zagaya ta kawo fitsari, ta zuba shi a wata siririyar kwalba, ta riƙe bisa 'yar fitila. Na yawancin mata yakan tafasa ya tsaya garau. Na wata kuwa, ana kallo, sai wani farin abu ya taso a ciki, ya kama jikinsa kamar farin ƙwai a ruwan zafi. Sai benci ya yi tsit. Mai fitsarin ta sunkuyar da kai, na kusa da ita su ɗan matsa.

Akwai kuma zancen mabiyiya. A wurinmu idan an haihu, mabiyiya ba abar kallo ba ce. Tsofaffi su wanke ta, a haƙa rami a bayan ɗaki, a binne da wuri, ba a ko son a yawaita ambatonta. Sista kuwa ba ta yarda a binne sai ta gani. Ko a gida aka haihu, in labari ya iske ta sai ta hau kekenta ta zo, ta ɗauki tasar ta fita haske, ta juya ta, ta shafa, ta daɗe tana dubawa kamar mai sayen nama. Mace mai dafa fitsarin mutane, mai laluben mabiyiya, ba 'yar gari ba, ba ta da miji a nan. Ba sai an faɗa muku sunan da aka sa mata a bayan idonta ba.

Abin ya ƙara ƙarfi shekarar da Christy matar Jethro kafinta ta rasu. A kasuwa Sista ta tare ta, ta kama hannunta ta ga zobe ya nutse cikin yatsa, ta ce, "Yarinya, gobe ki zo mini da safe, kada ki tsaya shara." Christy ta yi dariya ta ce ƙiba ce. Ba ta zo ba. Kasuwa ba ta sake ci ba ta faɗi a bakin murhu tana jijjiga, aka yi ta hayaƙi da addu'a har rai ya yi halinsa. Mutane suka ce ai ga shi nan, duk wadda ta nuna da baki sai ta faɗi. Ta je gaisuwar mutuwa, matan gidan suka janye ƙafafunsu daga tabarmar da ta zauna. Ta yi gaisuwarta ta tashi. Washegari ta buɗe ɗakin awo kamar kullum.

Yanzu ga labarin wani tela a Gangaren Tudu, sunansa Ubale. Shi ne mai wannan rubutu, amma uba ba ya sakin baki a zancen 'yarsa ta fari, don haka ku bar shi a tela.

Shekarar da kuɗin Udoji, ƙarin albashin nan na ma'aikata, suka shigo gari, kowa yana ɗinki, keken tela ba ya hutawa. A shekarar ce 'yarsa ta fari ta dawo gida goyon ciki, mijinta Idris direba yana can Ikko da motarsa yana jiran layin siminti. Kun san yadda ake yi da ɗan fari. Tun da aka raɗa mata suna tela bai taɓa furta shi ba, sai dai ya ce "yarinyar nan." Uwarta Salamatu ba ta kallon fuskarta kai tsaye, in za ta ba ta abinci sai ta ajiye ta ce, "Wani ya ɗauka." Ita ma yarinyar, cikin fari ne, ko kanta zai tsage ba za ta ce yana ciwo ba. Gida cike da masu ƙaunarta, amma babu mai ikon ya dube ta da kyau. Mai ikon ita ce gwaggonta Amarya, yayar tela, ita kuma murna take yi. "Kun ga yadda ta cika ta yi fari? Namiji ne wannan, ni na faɗa."

Wata safiya Salamatu ta ajiye riga a kan keken ɗinki ta ce, "A buɗa wannan." Ba ta ce ta wace ce ba, shi ma bai tambaya ba, ai shi ya ɗinka ta. Ya buɗa. Ba a jima ba rigar ta dawo. Da ta dawo karo na gaba sai ya tsaya da almakashi a hannu. Ya san ɗinkin masu ciki, ya yi shekaru yana yi: ciki ake buɗawa, da ƙirji. Wannan kuwa hannu ne ya matse, da wuya. Zaren damtsen har ya fara tsinkewa. Ya kasa taka keken. Ya fita ya dawo, ya fita ya dawo, daga ƙarshe ya naɗe rigar ya cusa a aljihun babbar riga, ya nufi wurin da maza ba sa zuwa.

Ya iske Sista a baranda tana wanke hannu. Mata suka ja mayafi suna kallonsa.

"A'a, Malam Tela! Wata nawa ne naka?"

Benci ya kwashe da dariya. Ya ce, "Sista, magana ce da ni." Suka koma gefe ya fito da rigar. "Wata yarinya ce a gidanmu."

"Wata yarinya. Daga sama ta faɗo?"

"Tana nan dai a gidan."

"Ba ta da suna?"

Ya miƙa mata rigar. Ta ce, "Ku Hausawa da kunyarku, wata rana sai ta kashe ni." Ta karɓi rigar tana murmushi. Ya nuna mata inda ya buɗa, da inda ya sake buɗawa. Tana bin ɗinkin da yatsa, murmushin yana barin fuskarta. Ta ce, "Tana cewa kanta na ciwo?" Ya ce bai sani ba. "Tana ganin wani abu a idonta?" Ya ce bai sani ba. Ba ta ƙara tambaya ba. Ta ce wa matan benci su jira, ta ɗauki akwati, ta bar kekenta, ta bi shi a ƙafa.

Da suka shiga, Salamatu ta shimfiɗa tabarma. Sista ba ta zauna ba.

Tela yana daga zaure yana leƙe. A ranar ya fara ganin fuskar 'yarsa sosai tun dawowarta, ya kuwa ga kamar ba ita ba. Idanun sun shige ciki, fatar tana ƙyalli, leɓɓan sun yi nauyi, kamar wata ce ta ari fuskarta ta saka. Sista ta durƙusa gabanta ta yi ƙasa da murya. "'Yata, ni ba uwarki ba ce, ba kya jin kunyata. Me kike gani?"

Yarinyar ta ce, "Wuta. Ƙanana, kamar tartsatsin maƙera. Tun shekaranjiya suke bi na, ko na rufe ido suna nan." Sai ta ɗaga hannu ta nuna bangon tsakar gida, inda babu komai sai rana. "Ga su can ma."

Duk aka juya aka kalli bangon. Gwaggo Amarya ta ce, "A'uzubillahi. Mutanen ɓoye ne. Salamatu, kawo garwashi."

Sista ta ce, "Gwaggo, yi mata addu'a iyakar ƙarfinki, ina so. Hayaƙi ne ban yarda ba, numfashi take nema." Ta fito zaure ta tsaya gaban tela. "Mijinta ba ya nan. Kai ne uba. Zan tafi da ita yanzu, ba anjima ba. Ka yarda?" Gwaggo tana daga ciki tana cewa wannan matar fa ita ce ta Christy. Tela ya ji, kuma shi ma ya san labarin Christy. Ya dubi rigar da Sista ta mayar masa. Ya ce, "Na yarda."

A bayan akori-kurar wani maƙwabci aka kai ta, ana tafiya kamar an ɗauko ƙwai. Sista ta sa ta a ɗakin ciki, ta rataya barguna a tagogi har ɗakin ya yi baƙi ƙirin da rana tsaka. Ta cire takalmanta. Ta aika a kira likita daga babban asibiti. Sannan ta fito ta ce wa tela, "Ƙara kaɗan tana iya tayar da abin. Je ka roƙi mai injin niƙa ya kashe. Matan da ke daka a bayan nan, su ajiye taɓarya."

Ya bi gida gida yana roƙo, aka kuwa yi masa. Inji ya mutu. Daka ta tsaya. Mai rediyo ya kashe, aka kore yara can bakin rafin Antau. Tela bai taɓa jin Keffi haka ba. Rana tana tsakiya, ga mutane tsaye a ƙofofinsu, amma babu motsi, kamar an kwashe garin an bar hotonsa. Yana tsaye a baranda yana jin bugun zuciyarsa, sai ya ji ƙafar gadon ƙarfe ta fara bugun siminti daga ciki. Kaf, kaf, kaf, da sauri, ba tsayawa. Babu kuka, babu ihu, sai wannan bugun kawai.

Salamatu tana ciki, ita ta ba da labarin daga baya. Ta ce daga gefen baki abin ya fara, kamar ƙuda ya sauka. Sai idanun suka juye, jiki ya sandare, fuskar ta yi baƙi, sannan jijjiga ta kama ta har gado yana tafiya. Ta ce ita ta manne da bango ta kasa ko salati. Sista kuwa ta juya yarinyar a kan haƙarƙari, ta sa mata cokali naɗe da tsumma a baki don kada ta datse harshe, ta tare ta da jikinta kada ta faɗo, ta yi mata wata allura mai wari. Tana yi tana magana a hankali kamar mai lallashin akuya: "Wuce. Wuce ka ba mu wuri. Ba a nan za ka kwana ba." Salamatu ta ce har yau ba ta san da wa take magana ba.

Likita ya iso, suka yi shawara a bakin ƙofa da raɗa. Sista ta zo wurin tela. "Malam, ciwon nan ba zai bar ta ba muddin mabiyiya tana jikinta. Sai an fitar. Cikin bai isa ba, ɗan ƙila ya zauna, ƙila ba zai zauna ba. Ba zan yi maka ƙarya ba." Ya ce a yi abin da za a yi.

Washegari da hantsi aka haihu. Namiji ne, kamar yadda gwaggo ta faɗa, ɗan mitsitsi. Bai yi kuka ba. Aka yi masa sutura kafin azahar.

Da tela ya dawo daga maƙabarta, Sista ta kira shi bayan ɗaki. Tasa ce a hannunta a rufe. Ya gane ko mece ce, ya ja da baya, don namiji ba ya ganin wannan. Ta ce, "Za ka gani. Mutanen garinku suna cewa ni ce. Zo ka ga ko wace ce." Ta buɗe. Ta ce lafiyayya takan cika tasar nan, ja wur kamar hanta. Wannan ko rabi ba ta kai ba, ta motse, jikinta duk tabo fari fari masu tauri kamar daskararren kitse. Ta danna ɗaya da yatsa. "Nan ta mutu tun tuni. Nan ma. Jini ba ya isa gare ta, iskar da uwa ke shaƙa ba ta kai mata. Shaƙewa take yi a ciki, tana shure-shure, uwar ce ke shan wahalar." Ta rufe ta miƙa wa gwaggo Amarya, wadda ke tsaye tana kallo. "Gwaggo, ga ta. A binne yadda aka saba."

Saura yarinyar. Jijjiga ta tsaya, amma ba ta farka ba. Tana kwance a ɗakin duhu tana numfashi da ƙarfi, yini guda, har wata safiyar. Sista ta kira ta, shiru. Gwaggo ta kira, shiru. Sai Sista ta leƙo baranda ta ce, "Malam Tela, cire takalmi ka shigo."

Ya shiga yana lalube. Da idonsa ya saba da duhun sai ya ga gadon, ga Salamatu a rakuɓe.

"Kira ta."

Ya ce, "Ke. Ke yarinya."

"Yarinya ta cika duniya. Ta ina za ta san da ita ake? Ka kira ta da sunan da ka yanka mata rago."

Ya dubi matarsa, matarsa ta kau da kai. Ya buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Sista ba ta tsokane shi ba wannan karon. Ta tsaya kawai tana jira. Ya sunkuya kusa da kunnen 'yarsa, ya ce, "Zulaihatu."

Babu abin da ya motsa. Ya sake, da ɗan ƙarfi. "Zulaihatu. Babanki ne."

Yatsunta suka motsa a kan zanen gado. Can sai idanun suka buɗe kaɗan, ta ce da harshe mai nauyi, "Wa ya kira ni?"

Bayan ta warke ta gaya wa gwaggonta cewa tana wani wuri ne mai faɗi, babu rana babu dare, mata da yawa zaune sun juya mata baya, kowace da tasa a gabanta. Tana jin ana kiraye-kiraye daga nesa, ba ta ga abin da ya shafe ta ba. Sai ta ji muryar da ta sani tun tana goye ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa ba, mamaki ya sa ta waiwaya. Tela bai san fassarar wannan ba, ya rubuta ne yadda aka gaya masa.

Sista Magdalena, ke ce kika ga abin da ke tafe kika faɗa, alhali kin san in ya zo ke za a zarga. Ke ce aka janye wa ƙafa a gidan makoki, kika koma kika karɓi haihuwar matan gidan. Ba ki taɓa tambayar mace masallaci take zuwa ko coci kafin ki ɗaura mata abin awo ba. Uwar masu ciki, mai hana gari motsi don 'yar wani ta yi numfashi. Ba ki ceci kowa da kowa ba, ke da kanki kike fara faɗin haka, kina kiran sunayen waɗanda suka tafi. Amma akwai mata a garin nan da ke tuƙa tuwo yau saboda kin ƙi zama a tabarma. Mun gode. Allah ya saka miki, ya ba ki hutu mai daɗi a Garaku.

Ba korar Sista aka yi ba, ita ta nemi tafiya. Kunnenta ne ya yi nauyi. Ta ce bugun da take saurara in tana awon jini ya fara ɓace mata, kuma ba za ta zauna tana cewa mata lafiya lau alhali ba ta ji ba. An kawo wata yarinya daga makarantar ungozoma, tana koya mata gidajen gari. Ku 'yan baya, ku ɗauki halinta: ku duba da kyau, ku faɗi gaskiya ko za a zage ku. Mu kuma iyaye, kunya tana da wurinta, amma mai ciki in ta kumbura a fuska da hannu, ko ta ce kanta na sarawa, ko tana ganin wuta, a kai ta awo a ranar.

Makon jiya tela ya je yi mata sallama, sai da ya ɗaga murya kafin ta ji shi. Ba sallama kaɗai ta kai shi ba. Zulaihatu tana da ciki, na farko tun wancan, kuma haihuwar za ta zo bayan Sista ta tafi. Ya tambaye ta ko abin zai dawo.

Ta ce, "Sau da yawa ba ya dawowa. Wani lokaci yana dawowa. Ta riƙa zuwa awo, kai kuma ka riƙa kallon fuskarta."

Ya ce, "To me ke kawo shi, Sista? In an sani sai a kiyaye."

Ta dubi kwalaben da ke kan tebur. Ta ce likitoci sun gaya mata mabiyiyar da ta rasa iska tana zuba wani abu cikin jinin uwa, shi ke ta da hawan jini, shi ke kumbura jiki. Ta tambaye su mene ne abin, suka ce ana kan bincike. Ta ce ita ta duba mabiyiya fiye da yadda za ta iya tunawa, ta san kamannin mai ciwo, amma sai bayan ta fito. Abin da ke sa ta wata ta shaƙe ta wata ta yi lafiya, ba ta sani ba, su ma ba su sani ba. Ta cikin Zulaihatu kuwa, wace iri ce, babu wanda ya sani tukuna.